Majalisar gari ta ce ba ta yarda ba: maganar masallacinmu ta mutu ke nan?

Baban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman wanda ya san kan harkar izinin gini a Ingila. Ƙaramin gari muke zaune, Musulmin ba mu da yawa. Mun yi karo-karo mun sayi wani tsohon shagon kayan ɗaki da ya daɗe a kulle, muka shigar da takarda muna neman izinin mayar da shi masallaci da islamiyya. Daren jiya majalisar garin ta zauna, suka ƙaɗa ƙuri'a cewa ba su goyi baya ba, wai saboda motocin ranar Juma'a da hayaniyar asuba. Wasu cikinmu har sun fara cewa a sa ginin a kasuwa. Akwai sauran abin yi kuwa?

Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ku haƙuri. Tun zamanin Thatcher nake ƙasar nan, kuma ban taɓa jin an ce masallaci ba a so ba. Kullum motoci ne. Fakewa ake da guzuma a harbi karsana. In 'yan gari suka haɗa baki, sai dai ku nemi wani wurin.

Injiniya Bala: Baban Hanif kada ku sayar tukuna. Wace majalisa ce ta zauna jiya? Wadda kuka biya wa kuɗin takarda, ko kuwa ƙaramar majalisar garin da ke kula da maƙabarta da filin wasan yara?

Baban Hanif: Ƙaramar ce Injiniya. Takardar kam can hedikwatar gunduma muka tura.

Injiniya Bala: To ai ba a yanke muku hukunci ba. Majalisun ƙauyuka da ƙananan garuruwa a Ingila sun kai wajen 10,000, kuma babu wadda aikinta shi ne ba da izinin gini ko hanawa, sai in babbar kansul, wato majalisar gunduma, ce ta miƙa mata wani ɗan ɓangare, abin da ba kasafai ake yi ba. Abin da doka ta ba su shi ne a sanar da su in an nemi gini a yankinsu, a ba su kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Mai yankewa ita ce kansul ɗin gunduma. Dole ta karanta abin da suka rubuta, amma ba dole ta bi ba. Zanen gini nake yi, na sha ganin majalisar gari ta ce a'a, jami'in tsara gari ya sa hannu ya ba da izini. Na kuma ga inda ta ce e, aka hana.

Alhaji Ɗanjuma: A takarda ke nan. Su kansilolin gundumar ba a garin suke neman ƙuri'a ba?

Barista Hauwa: Baba Alhaji, da gaskiyarku ta wani gefe, amma bari in shimfiɗa yadda abin yake. Tun dokar 1947 aka mayar da haƙƙin yin gini hannun hukuma, wato mallakar fili daban, izinin gina shi daban. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 1990 ce, sai ta 2004 wadda sashenta na 38(6) ya ce a yanke hukunci bisa kundin tsarin gari da kansul ta amince da shi, sai fa in akwai wani dalili mai nauyi da ya shafi tsara gari wanda ya nuna akasin haka. Duk rigimar a kan waɗannan dalilan take. Cunkoson titi dalili ne. Hayaniya dalili ne. Tare wa maƙwabci haske, ko buɗe taga ana leƙa masa tsakar gida, duk dalilai ne. Amma "darajar gidana za ta faɗi" ba dalili ba ne, "ba ma son irin mutanen da za su zo" ba dalili ba ne, kuma jami'in da ya san aikinsa zai rubuta a rahotonsa cewa bai sa su a ma'auni ba. Wasiƙa ɗari biyar masu cewa ba mu so kawai, ba su kai wasiƙa ɗaya da ta nuna cewa motar kashe gobara ba za ta iya shiga layin ba.

Shi ya sa na fi jin tsoron abin da majalisar garinku ta rubuta fiye da ƙuri'ar da ta ƙaɗa. Motoci da hayaniya suka ambata, kuma duka biyun doka ta san da su. Ko mene ne a zuciyarsu, sun zaɓi kalaman da ake saurare.

Maman Iklima: Sannunku. Ni ina cikin irin wannan majalisar a ƙauyenmu, don haka bari in kare mu kaɗan. Ba albashi muke karɓa ba. Mu ne tsofaffin malaman makaranta da manoma da masu ritaya, a ɗakin taron ƙauye muke zama da shayi da biskit. Yawancinmu ba mu karanci tsara gari ba. Amma mun san wace kwana ce ruwa ke kwanciya in an yi mamako, mun san ƙarfe nawa layin makaranta ke toshewa. Jami'in da ke ofis mai nisan mil ashirin bai sani ba, taswira yake kallo. Abin da muke kawowa ke nan.

Ƙarfinmu na gaske kuwa ba a hukunci yake ba, a wanda zai yanke hukuncin yake. Fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun nan jami'ai ne ke gama su a ofis, kansiloli ba sa ko ganinsu. To a gundumomi da yawa ƙa'idarsu ta ce in majalisar ƙauye ta ƙi amma jami'i yana son ya ba da izini, sai a kai maganar gaban kwamitin kansiloli. A wasu kuma sai kansilan mazaɓa ya nema. Baban Hanif ka binciki ƙa'idar gundumarku, don kowace da tata. In haka ne, ƙuri'ar jiya ta ɗauke takardarku daga teburin ma'aikaci ta kai ta gaban 'yan siyasa.

Alhaji Ɗanjuma: Yawwa. Ashe dai maganata aka dawo. Na gode 'yata.

Injiniya Bala: Ranka ya daɗe ba a dawo ba tukuna. Kwamiti ma ba yadda ya ga dama yake yi ba. In jami'i ya ba da shawarar a amince su kuma suka ƙi, dole su faɗi dalili a rubuce, dalilin da zai tsaya a gaban sufeto. Mai nema yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsare-tsare da ke Bristol, ba a biyan kuɗin shigar da ƙarar, kuma irin naku wata shida gare ku. Wajen uku cikin goma na masu ɗaukaka ƙara suna cin nasara. In sufeto ya ga kansul ta hana ba da hujja ba, zai iya sa ta biya ku kuɗin ɗawainiyar da kuka yi. Shi ya sa a zaman kwamiti za ka ga lauyan kansul yana ta jan kunnen kansiloli.

Alhaji Ɗanjuma: To ku gaya mini labarin masallacin garin Dudley, kusa da Birmingham. Ina raye aka yi.

Sadiq: Baba, ai Dudley ta fi goyon bayan Injiniya. A 2007 kansul ta hana izinin babban masallacin Hall Street bayan dubban mutane sun sa hannu a takardar ƙorafi. Aka ɗaukaka ƙara, a 2008 sufeto ya ba da izini. Abin da ya kashe aikin rigimar filin ce, don akwai sharaɗin cewa in ba a gina cikin wa'adi ba kansul za ta sayi abinta, aka yi ta shari'a har 2015.

Alhaji Ɗanjuma: An gina ko ba a gina ba?

Sadiq: A wurin dai ba a gina ba.

Alhaji Ɗanjuma: Shi ke nan. Ni sakamako nake kallo, ku kuna kallon takarda.

Barista Hauwa: Akwai kuma inda aka ɗaukaka ƙara aka faɗi, kada mu ɓoye. Masallacin 'yan Tabligh na Abbey Mills a gabashin Landan, wanda aka tsara zai ɗauki mutum sama da 9,000, kansul ɗin Newham ta hana a Disambar 2012, minista Greg Clark ya tabbatar da hanin a Oktoban 2015. Kuma Newham na cikin wuraren da Musulmi suka fi yawa a ƙasar nan, har cikin kansilolinta. Hujjarsu ita ce kundin tsarinsu ya ware filin don gidaje da wuraren aiki. Da hanin ya jingina da kundi, sai ya tsaya har sama.

Ku kwatanta da Cambridge. An amince a 2012, aka buɗe masallacin Mill Road a 2019, yana ɗaukar mutum 1,000. Sun haƙa wurin ajiye motoci a ƙarƙashin ƙasa, sun yi lambu a gaba wanda kowa ke iya shiga ya zauna. Sun amsa tambayar motoci tun kafin a yi musu ita.

Baban Hanif: Barista mu ina muka ga kuɗin haƙa ƙasa? Kafet ma sai da muka yi gidauniya.

Injiniya Bala: Ba sai kun haƙa ba. Ga abin da zan yi in ni ne. A gundumomi masu hawa biyu, maganar titi ba ta majalisar gari ba ce, ba ta gunduma ba ce ma, ta kansul ɗin lardi ce. In injiniyoyin titi na lardi suka rubuta cewa ba su da ja, da wuya hanin da aka gina kan motoci ya tsira a gaban sufeto, domin manufar tsare-tsare ta ƙasa ta ce ba a hana gini saboda titi sai in zai jawo haɗarin da ba za a lamunta ba, ko cunkoson ya yi tsanani. Ku ɗauki ƙwararre ya ƙirga motocin layin ranar Juma'a daga sha biyu zuwa uku, ya nuna gurabe nawa ke zama fanko. Ku rubuta mutum nawa ke zuwa da ƙafa. In akwai coci ko kulob kusa da ke da filin fakin, ku nemi yarjejeniya a rubuce, ranar Juma'a da rana ai ba kowa a wurinsu.

Hayaniya kuma ku riga su. Ku ce kun yarda a sa muku sharaɗi: ba lasifika a waje, ga iyakar yawan mutane, ga masu tsare hanya ranar Juma'a da sallar idi. Ƙa'ida ce cewa abin da sharaɗi zai gyara ba a hana izini saboda shi. Wasu har izinin gwaji na shekara ɗaya ko biyu suke karɓa, ko da yake ni ba na son wannan, don mutum ba ya sakin jiki ya kashe kuɗi a ginin da bai san makomarsa ba. Sannan ku yi duk wannan yanzu, takardar tana buɗe. Da can in aka hana ka kana iya sake shigarwa kyauta sau ɗaya, amma tun Disambar 2023 aka soke wannan.

Maman Iklima: Ƙari a kan na Injiniya: ku koma wurin majalisar garin. Ra'ayinmu ba wahayi ba ne, muna sauya shi in aka kawo gyara. Akwai lokacin jama'a a farkon kowane zama. Baban Hanif, da kuka shigar da takardar, kun je kun gaishe su kun yi musu bayani kafin su gani a jadawali?

Baban Hanif: Ba mu je ba Anti. Mai zanen ya ce ba su da ta cewa.

Maman Iklima: To ka ji. Ba su da ta cewa, ga shi sun ce.

Kawu Sale: Ina biye da ku daga Kano. Abin ya ba ni sha'awa. Kamar mai unguwa ne a nan: ba shi ke sa hannu a takardar izini ba, ta hukumar tsara birane ta jiha ce, amma wanda ya fara aza bulo bai leƙa zaurensa ba zai sha wahala. Bambancin, a nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, ƙaramar hukuma sai na karkara. Ciyaman da kansilolinsa ba sa zama su tattauna ginin wane a bainar jama'a. Ni abin da ya burge ni ma shi ne a ce an rubuta dalilin hani har ka je ka ƙalubalance shi.

Sadiq: Kawu kada abin ya burge ku da yawa, a nan ma akwai na sama. Ina rubuta aikin makaranta a kan lardin Lancashire. Kamfanin Cuadrilla ya nemi izinin fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa don haƙo iskar gas a Preston New Road, kusa da Blackpool. Majalisar ƙauyen ta ƙi, ta gundumar Fylde ta ƙi, a Yunin 2015 kansilolin lardin suka hana duk da jami'ansu sun ce a amince. Hawa uku sun ce a'a. A Oktoban 2016 minista Sajid Javid ya ba da izini daga Landan. Abin da ya tsayar da aikin ba ƙuri'ar kowa ba ce, girgizar ƙasa ce mai maki 2.9 a Agustan 2019, sannan gwamnati ta dakatar da harkar a Nuwamba. Saboda haka in ana maganar ƙarfin kansul, a tambaya: a kan me? A kan ɗakin da maƙwabcinka zai ƙara, tana da ƙarfi. A kan abin da gwamnatin tsakiya ta sa a gaba, ra'ayi kawai take bayarwa, ita ma ta zama majalisar ƙauye.

Barista Hauwa: Kuma ku lura da rashin daidaiton. Wanda aka hana yana ɗaukaka ƙara. Maƙwabta ko majalisar ƙauye in aka ba da izinin da ba sa so, ba su da wannan damar. Sai dai babbar kotu cikin mako shida, ita kuma ba ta duba ko ginin ya dace, tana duba ko an bi doka ne kawai, ga tsada. Baban Hanif wannan ku yake taimaka wa. Ranar da aka ba ku izini, masu ja kusan sun gama.

Alhaji Ɗanjuma: To ni tambayata, in ra'ayin nasu ba ya ɗaure kowa, me ya sa ake ɓata wa tsofaffi dare suna zama?

Maman Iklima: Baba akwai hanyar da yake ɗaurewa, sai dai ba a daren da takarda ta iso ake bin ta ba. Dokar 2011 ta ba mu damar rubuta tsarin unguwa: ina za a yi gidaje, wane fili za a bari kore, wane layi ne na shaguna. Mai bincike mai zaman kansa ya duba, a yi ƙuri'ar raba gardama, in fiye da rabin masu jefawa suka amince sai ya shiga cikin kundin da Barista ta ambata. Upper Eden a Cumbria ne suka fara a 2013. Daga ranar, abin da muka rubuta ba ra'ayi ba ne, ma'auni ne da jami'i da sufeto za su auna da shi. Har kuɗi yana ƙaruwa: harajin da ake karɓa daga masu manyan gine-gine, inda kansul ke karɓarsa, kashi 15 ake ba majalisar ƙauye, in tana da tsarin unguwa ya koma 25.

Baban Hanif ka duba ko garinku na da shi. In ya ce layin da shagonku yake na kasuwanci ne kuma ba a son a rasa shago, wannan ya fi maganar motoci haɗari. Sai ku nemo shaidar tsawon lokacin da aka yi ana tallan shagon ba mai so. In kuma ya ce ana buƙatar wuraren taruwar jama'a, to da bakinsu za ku kama su.

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu shi ne ba ma zuwa. Kujerun nan da yawa ba a ko takara a kansu, ni ma gurbi aka samu ba wanda ya nema, suka kira ni. Ɗan Najeriya ko Ghana ko Kamaru da ke da izinin zama yana da ƙuri'a saboda ƙungiyar Kwamanwel, mai takardar zama ta dindindin kuma har takara yana iya tsayawa. Amma sai ranar da muke son masallaci muke sanin hanyar ɗakin taro.

Malam Isufu: Mu 'yan Nijar fa Hajiya?

Maman Iklima: Ku sai kun karɓi fasfo ɗin ƙasar Malam. Amma rubuta ra'ayi kan takardar gini ba ya buƙatar fasfo, kowa na iya yi.

Baban Hanif: Allah ya saka da alheri. Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar mu bi kansilolin kwamitin gida-gida mu nemi alkawarinsu.

Barista Hauwa: Kada ku kuskura ku nemi alkawari. Ku rubuta musu, ku tura wa jami'in kwafi, wannan ba laifi. Kansila yana iya faɗin inda ya karkata, dokar 2011 ta sassauta wannan, amma wanda aka tabbatar ya rufe zuciyarsa kafin zama, ana iya hana shi ƙuri'a ko a rushe hukuncin a kotu. Sai ku rasa mai goyon bayanku da hannunku. Goro ko kyauta kuwa ko da wasa. A zaman kwamiti yawanci minti uku ake ba mai magana, ku zaɓi wanda zai yi maganar motoci da sharuɗɗa, ba wanda zai yi wa'azi ba.

Sadiq: Wataƙila ma duk wannan ya kusa zama tarihi. Gwamnatin Leba ta yi alkawarin gidaje miliyan 1.5, kuma ƙudurin da ta gabatar a Maris 2025 ya nemi a yi ƙa'ida ɗaya ta ƙasa kan abin da zai je kwamiti da abin da jami'i zai gama, a kuma tilasta wa kansiloli horo. Ni ina goyon baya. Waɗanda ke cika ɗakin taro masu gidaje ne. Mu da muke biyan rabin albashi a hayar ɗaki ɗaya ba mu da kujera a wurin, gidan da aka hana ginawa kuwa namu ne.

Maman Iklima: Horon na yarda da shi, ni ma ina so. Amma Sadiq ka je ka ga rukunin gidajen da aka gina mana a gangaren da muka rubuta cewa ruwa na kwanciya. Masu gidaje ba su suka saya ba, irinka ne masu sayen farko, kuma su ke kwashe ruwa da bokiti duk hunturu. In aka toshe hanyar zuwa kwamiti, wa zai tashi ya faɗi wannan a gaban jama'a?

Sadiq: Anti ai kun faɗa, kuma an gina.

Maman Iklima: An gina, amma sai da aka rage gidajen layin ƙasa aka ƙara tafkin tara ruwa, kuma a zaman kwamiti aka sa sharaɗin, ba a ofis ba. Waɗanda ruwan ke shiga wa yanzu gida huɗu ne. A zanen farko layin gaba ɗaya ne.